Tsofaffin Sulallan Kakuri: Abin da Ke Kwance a Gindin Adaka

A Amurka akwai masu sha'awar zuwa banki su sayi ƙunshin tsabar kuɗi, su koma gida su warware, suna duba ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke farauta sananne ne. Har zuwa 1964, sulallan santi 10 da 25 da 50 na ƙasar kashi 90 cikin ɗari azurfa ne, kuma jefi-jefi ɗaya yakan ɓuya cikin sababbi. A Nijeriya wannan ƙofa ta rufe, domin tsaba ta daina yawo a kasuwa, har 'yan tireda ba sa karɓarta. Wanda ke son irin wannan farauta a nan, sai ya nufi gindin adaka da tsohon asusu da gwangwanin da kaka ta bari. Unguwannin Kaduna na ƙetaren kogi kuwa, wato Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, suna da dalili na tarihi da ya sa irin wannan ajiya ta taru a cikinsu.

Jirgin ƙasa da albashi ne suka gina wannan ɓangare na gari. Leburorin da suka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911 da kuɗin Bature aka biya su, kuma da shi hukuma ta riƙa neman haraji, har wuri ya ja da baya. Babbar mahaɗar jiragen Kaduna tana kudu da kogi. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Dubban ma'aikata daga sassan ƙasa suka yi shekaru suna karɓar albashi a hannu, canji yana bin masu abinci da masu gidajen haya. Duk sauyin kuɗin da aka yi, wani abu yakan maƙale a gida bai koma banki ba.

Kashi na farko shi ne kuɗin zamanin Turawa. A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jiki. Anini goma ke yin kwabo. Aninin farko da alminiyum aka yi shi, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, amma bai jure ba, sai aka sauya shi cikin 1908. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, wadda daga 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka. Nan ne azurfar take. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 kusan azurfa zalla ne, kashi 92.5 cikin ɗari. Da farashin azurfa ya tashi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutane suka riƙa ɓoye su, maƙeran fari suna narkarwa. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, kuma cikin shekarar aka koma gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa. Saboda haka sule mai hoton kwakwar manja, in fari ne kuma shekararsa ba ta wuce 1920 ba, ya cancanci a ware shi gefe.

Kashi na biyu na Babban Bankin Nijeriya ne, wanda ya fitar da nasa kuɗin a watan Yulin 1959: taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa. Na uku ya zo ranar 1 ga Janairun 1973, lokacin da fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Kwabon wannan zamani rijiyoyin mai ne a jikinsa, kwabo 25 kuma dalar gyaɗa. A 1991 naira ɗaya ta zama kwandala mai hoton Herbert Macaulay, a 2007 aka ƙaro naira biyu, amma hauhawar farashi ta riga ta cinye darajarsu. Babu azurfa a ko ɗaya cikin waɗannan.

Inda mai farawa ya fi yin tuntuɓe shi ne shekarar da ke jikin kuɗi. Liyarin Mariya Tarisa, wanda fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa tun kafin Turawa, mata kuma suka mayar da shi abin wuya, kusan kowanne 1780 yake ɗauke da ita, alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekara har cikin ƙarni na 20. Azurfarsa ta gaske ce, tsufansa ne ba tabbas. Haka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba na shekarar. Ingila ba ta saki kuɗinsa ga jama'arta ba, amma Afirka ta Yamma ta samu miliyoyi, don kuɗi mai huda ba ya buƙatar hoton sarki. Labarinsa ya fi farashinsa nauyi. Sulallan Tarayya su ma yawancinsu 1959 aka ci gaba da rubuta musu shekara da shekaru.

Abubuwa huɗu masana ke dubawa: ƙarfe, shekara, alamar maƙera, da lafiyar jiki. Alamar ƙaramin harafi ce, H ta maƙerar Heaton ko KN ta King's Norton, dukansu a Bamingaham, kuma kwabo biyu masu shekara ɗaya kan bambanta a daraja saboda ita. Maganaɗisu ba ya kama azurfa. Babbar ɓarna kuwa ita ce wanki: wanda ya goge tsohon sule da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli, ya kankare abin da mai saye yake biya.

Tun da KTL ta rufe a 2002, tsarar da ta karɓi albashi da fam da sule tana ta raguwa, gidajensu suna shiga rabon gado. Gwangwanin tsaba yakan faɗa hannun 'yan gwangwan, a auna shi a sikeli tare da tsohon ƙarfe, azurfa da tagulla kuɗi ɗaya. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Kafin a kira mai sikeli, ya kamata magada su shimfiɗa farin ƙyalle, su juye gwangwanin, su fara ware masu huda daga marasa huda, farare daga jajaye, sannan su karanta shekarun ɗaya bayan ɗaya.