Ƙarin Ruwa ta Jijiya Yayin Kwantar da Majiyyaci: Bitar Ƙa'idojin Manya da Yara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar ƙa'idojin ƙarin ruwa a sa'o'in farko na kwanciya asibiti. An gano cewa musabbabin ciwo da nauyin jiki ne ke yanke nau'in ruwa da yawansa da saurinsa, kuma ruwan da ke ceton mai amai da gudawa kan cutar da yaro mai zazzaɓi ko tamowa.

Gabatarwa

Tun 1832, lokacin da likita Thomas Latta ya ɗura wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya a Sikotland, ƙarin ruwa ke ceton rayuka. A ƙasar Hausa ya samu karɓuwa har ya wuce kima: sau da yawa hankalin 'yan jinya ba ya kwanciya sai sun ga leda rataye a gefen gado. Tambayar wannan nazari ita ce: wa ya cancanci ruwa, kuma nawa?

Hanyar Nazari

An kwatanta ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da na hukumar NICE ta Birtaniya na 2013 da 2015, tare da sakamakon gwajin FEAST na 2011.

Sakamako

Kafin a sa allura, tilas a auna nauyi, bugun jini, numfashi da sukari, a tambayi yawan fitsari. A yaro ana taɓa hannu a ji ko ya yi sanyi, a danna farce a saki. Idan jini ya haura daƙiƙa 3 bai dawo ba, kuma bugun jini ya yi rauni da sauri, lamarin na gaggawa ne.

Babban da ba ya iya sha yana buƙatar mililita 25 zuwa 30 kan kowane kilo a kwana, da gulukos giram 50 zuwa 100. Mai kilo 60 ke nan mililita 1,500 zuwa 1,800 sun ishe shi. Idan jininsa ya faɗi, NICE ta ce a ba shi mililita 500 cikin ƙasa da minti 15, sannan a sake duba shi.

A yara ana bin lissafin Holliday da Segar na 1957: mililita 100 kan kowane kilo a goman farko, 50 a goma na biyu, 20 a abin da ya haura. Yaro mai kilo 14 zai samu 1,200 a kwana. Ruwa mai ƙarancin gishiri kan sauke sodiyam na jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura, shi ya sa NICE ta zaɓi wanda gishirinsa ya yi daidai da na jini.

Tattaunawa

Yara uku kan iso a galabaice, kamanninsu ɗaya, maganinsu daban. Wanda gudawa ta ƙarar wa ruwa yana buƙatar ruwan Ringer mililita 100 kan kowane kilo, cikin sa'a 6 ga jariri, sa'a 3 ga wanda ya cika shekara. Mai tamowa zuciyarsa ba ta da ƙarfi, don haka ta baki ake shayar da shi ruwan ReSoMal; ba a komawa jijiya sai zagayen jininsa ya durƙushe, shi ma mililita 15 kan kilo cikin sa'a guda.

Na ukun, mai zazzaɓi mai tsanani, shi gwajin FEAST ya duba a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ƙarƙashin jagorancin Kathryn Maitland. Cikin yara 3,141, mace-mace a sa'o'i 48 sun kai kusan kashi 10.5 cikin ɗari ga waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, alhali sun tsaya a 7.3 ga waɗanda ba a ɗura wa ba. Fiye da rabin yaran na da zazzaɓin cizon sauro, yanayin da ɗakunan yaranmu suka saba gani da damina.

Kammalawa

Ƙarin ruwa magani ne mai ƙa'ida. Wajibi ne kowane ɗakin gaggawa ya mallaki sikeli da takardar rubuta abin da ya shiga jiki da abin da ya fita, a riƙa duba kumburin fuska da sarƙewar numfashi, a kuma cire ruwan da zarar majiyyaci ya iya sha da bakinsa.