John Hunwick: Mai Fihirisar Rubutun Malamanmu da Bincikensa a kan Yahudawan Tuwat

1.0 Gabatarwa

Daga Kawukudi, inda aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa na Ghana a shekarar 2021, zuwa Jami'ar Ghana da ke Legon, tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan a mota. Mazauna Nima da Maamobi sun san hanyar sarai, amma ba kowa ne ya san cewa a Legon ɗin akwai ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da na ajami da aka kwafo daga hannun malaman zango-zango na ƙasar ba. Haka kuma ba kowa ne ya san mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen lissafa irin waɗannan rubuce-rubuce ba, wato Farfesa John Hunwick. Wannan muƙala za ta bi sawun karatunsa da koyarwarsa da littattafansa, sannan ta tsaya a kan bincikensa game da Shehu Maghili da Yahudawan Tuwat, domin a nan ne aka fi ganin amfanin aikin mai tattara takardu, da kuma nauyin da ke wuyansa idan takardun suka zo da labarin da ba shi da daɗin ji.

2.0 Karatunsa da Wuraren da Ya Koyar

An haifi John Owen Hunwick a garin Chard na Ingila a shekarar 1936, mahaifinsa kuwa limamin coci ne. Aikin soja ne ya fara kai shi ƙasar Somaliya, inda ya zauna da Musulmi har sha'awar Larabci ta kama shi. Da ya koma gida sai ya shiga Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, ya kammala digirin farko a Larabci a 1959.

Daga 1960 zuwa 1967 ya koyar a Jami'ar Ibadan. A can ne ya taimaka aka kafa sashen Larabci da nazarin addinin Musulunci, aka kuma buɗe cibiyar adana takardun Larabci a 1964. Aikin cibiyar shi ne aro littattafai daga malamai da fadoji, a ɗauki hotonsu, a rubuta bayaninsu, sannan a mayar wa masu su. Bayan ɗan zama a Landan, sai ya dawo Afirka ta Yamma a 1969, ya koyar a sashen tarihi na Jami'ar Ghana har zuwa 1977. Yana Legon ne ya kammala digirinsa na uku a 1974, a kan amsoshin da Shehu Maghili ya bai wa Askiya Muhammadu na Songhai. Daga nan ya yi shekara huɗu a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, kafin ya koma Jami'ar Northwestern ta Amurka a 1981, inda ya zauna har ya yi ritaya a 2004. Ya rasu ranar 1 ga Afrilu, 2015.

3.0 Legon da Takardun Zango

Lokacin da Hunwick ya iso Legon ya tarar an riga an share fage. A farkon shekarun 1960, Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar, ƙarƙashin Thomas Hodgkin, ta shiga tattara rubutun hannu daga arewacin Ghana da Asante da zango-zango. Ivor Wilks ne ya jagoranci aikin, amma wanda ya sha rana yana bin malamai gida-gida shi ne Alhaji Usmanu Isyaku Boyo. Ba don amanar da malamai suka ba shi ba, da gafakoki da yawa ba su buɗu ba.

Daga cikin abin da aka samo akwai waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934. Ya yi waƙa da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da talauci, da annobar mura ta 1918. Wannan ya nuna cewa Hausawa da abokan zamansu da suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja, daga baya suka gangaro Kumasi da Accra, ba haja kaɗai suka ɗauko ba, har da alƙalami da tawada.

4.0 Aikin Fihirisa

Mafi girman aikin Hunwick shi ne jerin kundayen nan mai suna Arabic Literature of Africa, wato Adabin Larabci na Afirka, wanda ya tsara tare da R. S. O'Fahey, kamfanin Brill na Leiden ya buga. Tsarinsa mai sauƙin faɗi ne, mai wuyar yi. A kawo sunan malami da nasabarsa, da shekarun haihuwa da rasuwa, da malamansa da ɗalibansa, sannan a jero duk abin da ya rubuta, a faɗi ɗakin karatun da kowane kwafi yake da lambarsa. Juzu'i na biyu, wanda ya fito a 1995, ya ƙunshi ƙasar Hausa da Borno da ƙasar Yarbawa, kuma Hamidu Bobboyi da Muhammad Sani Umar na cikin waɗanda suka taya shi. Juzu'i na huɗu, na 2003, ya ƙunshi Mali da Senegal da Gini da Ghana, inda Ivor Wilks da Mark Sey suka ba da gudummawa.

Wannan hanya tana da magabata a Turai. Carl Brockelmann ya yi wa adabin Larabci irin wannan lissafi, sai dai bai ba Afirka ta kudu da Sahara wuri mai yawa ba. Kafin shi kuma akwai Moritz Steinschneider, wanda ya rayu daga 1816 zuwa 1907, Bayahude ma'aikacin ɗakin karatu a Berlin, wanda ya lissafa littattafan Ibrananci na ɗakin karatun Bodleian da ke Oxford, ya kuma wallafa littafi a 1902 a kan abin da Yahudawa suka rubuta da Larabci. Manufar duka ukun ɗaya ce: al'ummar da aka jera littattafanta suna da suna, ba za a ƙara cewa ba ta da tarihin ilimi ba.

5.0 Shehu Maghili da Yahudawan Tuwat

Ɗalibin Hausa ya san Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Maghili ta fuska guda. Shi ne malamin Tilimsan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafin nan Tajuddini a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa hujja da maganganunsa a littattafansa. Hunwick bai rage ko ɗaya daga cikin wannan daraja ba. Hasali ma littafinsa na 1985, Shari'a in Songhay, shi ne ya fito da matanin amsoshin Maghili da fassara da sharhi. Amma a wannan shekarar ce kuma ya buga maƙala a mujallar Studia Islamica a kan abin da ya faru kafin Maghili ya tsallako Sahara, ya kuma faɗaɗa ta zuwa littafi a 2006 mai suna Jews of a Saharan Oasis, wato Yahudawan Wani Dausayi na Sahara.

Tuwat jerin dausayi ne a kudancin Aljeriya ta yau, a kan hanyar ayarin da ke haɗa Tilimsan da Timbuktu da Gao. Babban garinta a lokacin shi ne Tamantit, inda Yahudawa suka daɗe da zama suna kasuwanci da ƙirar zinariya. Wani ɗan kasuwar Genoa, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can a 1447, inda ya bayyana cewa Yahudawan suna da yawa, kuma suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari.

Da Maghili ya zauna a Tuwat sai ya ga wannan zama ya saɓa wa sharuɗɗan zimma, wato alƙawarin da ke tsakanin hukumar Musulmi da ma'abota littafi masu biyan jiziya. A ganinsa, kusancinsu da masu mulki da irin shigarsu da hawansu sun warware alƙawarin, kuma wurin ibadarsu bai halatta ya tsaya a ƙasar Musulmi ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Shi a wurinsa wurin ibadar tsoho ne, malaman da suka gabata sun gan shi sun ƙyale shi, saboda haka babu dalilin rushe shi. Sai aka aika da tambaya ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis. Amsoshin suka zo a rarrabe: wasu suka goyi bayan alƙali, wasu kuma, irin su al-Tanasi da al-Sanusi, suka goyi bayan Maghili. Da wannan goyon baya ya tara jama'a wajen 1492, aka rushe wurin ibadar, aka kashe wasu Yahudawa, saura suka watse ko suka musulunta. Ahmad Baba na Timbuktu ya kawo labarin a littafinsa Nailul Ibtihaj.

Maganar ba ta tsaya a Tuwat ba. Maghili yana Gao wurin Askiya Muhammadu, wajen 1498, labari ya iso masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya nemi a kama mutanen Tuwat da ke Gao, aka kama su, amma malamin Timbuktu, Mahmudu bn Umar Aƙit, ya nuna cewa ba su da hannu a kisan, sai aka sake su. Maghili ya koma Tuwat, ya rasu a can wajen 1504.

6.0 Yadda Hunwick Ya Tunkari Al'amarin

Abu uku ne ya kamata ɗalibi ya lura da su. Na farko, Hunwick ya kafa labarin ne a kan takardun malaman Musulunci su da kansu, musamman fatawoyin da al-Wansharisi ya tara a cikin Al-Mi'iyar al-Mu'urib, da risalar Maghili a kan ahlul zimma. Ya fassara su ne domin mai karatu ya ga hujjar kowane ɓangare da idonsa.

Na biyu, ya nuna cewa malaman Malikiyya ba su yi magana da baki ɗaya ba. Wanda ya ce Musulunci ne ya kori Yahudawan Tuwat ya manta da al-Asnuni da Mahmudu Aƙit, waɗanda su ma da shari'a suka yi hujja. Wanda kuma ya ce babu abin da ya faru, to ya musanta abin da Ahmad Baba ya rubuta.

Na uku, ya ajiye lamarin a cikin zamaninsa. Turawan Fotugal sun kama Sabta tun 1415, a Fas an yi tarzoma a 1465 wadda ta ci sarki da wazirinsa Bayahude da Yahudawan gari, sannan Garnaɗa ta faɗi a 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifen. Zamani ne na tsoro da ƙuncin kasuwa, irin wanda ƙaramar al'umma kan zama abin huce haushi. Bayyana dalili dai ba wanke laifi ba ne, amma yana hana mai karatu yanke hukunci da ka.

Wannan darasi bai yi wa mazaunin zango nisa ba. Musulmin Nima da Maamobi su ne tsiraru a birnin Accra, a kan ƙasar mutanen Ga suka zauna, kuma dattawansu ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu a shekarar da Hunwick ya iso Legon. Wanda ya ɗanɗana wannan ya san abin da ake nufi da zaman da ya dogara ga alƙawarin masu gari.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Hunwick ya tashi daga Ibadan zuwa Legon da Alƙahira da Northwestern yana aiki guda, wato gano abin da malaman Afirka suka rubuta da faɗin inda yake. An kuma ga cewa wannan lissafi ne ya ba shi damar kawo fuskokin Shehu Maghili guda biyu ba tare da ɓoye ɗaya ba. Aikin bai ƙare ba. A ɗakin karatun Herskovits na Northwestern akwai dubban takardun Malam Umaru Falke na Kano a jere da lambobinsu, amma a zaurukan Nima da Maamobi da Sabon Zango akwai gafakokin da gara da damshi suke ci, babu wanda ya rubuta ko sunan abin da ke ciki. Ɗalibin da ya iya Hausa, ya iya karanta ajami, ya kuma san yadda ake durƙusawa a gaida malami, ya fi kowane baƙo cancantar ɗaukar wannan aiki. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya rubuta sunan littafi, da mawallafi, da mai kwafi, da shekara, da mai riƙe da shi, ya kuma faɗi abin da ke ciki yadda ya same shi.