Hausawan Jazira: Alhazan da Hanya Ta Riƙe

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Kumbotso ya bi titin Zariya, ya ƙetare gadar Tamburawa, ya doshi Kura da Bunkure a tsakiyar rani, zai ga ruwa yana gudu cikin magudanai, alkama da tumatir da albasa sun yi kore shar. Wannan albarkar madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tare da aikin noman rani na Kadawa. Zai kuma ga 'yan ci-rani da suka zo daga nesa, suna dashe da cira da tsinkar tumatir, in dare ya yi su kwana a rumfunan kara.

To, abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba shi ne, kusan shekara hamsin kafin ruwan Tiga ya iso Kadawa, mutanen ƙasar nan sun riga sun ɗanɗana irin wannan zaman baƙunci a bakin waɗansu magudanai, can a ƙasar Sudan. A gidanmu ma akwai ɗan guntun labarin. Kakata takan ba mu labarin wani ƙanen mahaifinta wanda ya yi sallama da dangi zai tafi Makka a ƙasa, ya bar amarya da goyo, ya ce shekara biyu zai yi. Wasiƙarsa ta ƙarshe da ajami aka rubuto ta daga garin Madani, yana cewa yana tara kuɗin jirgin ruwa. Daga wannan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Manufar wannan muƙala ita ce a duba yadda irin waɗannan mutane suka rayu: aikinsu, da kuɗinsu, da aurensu, da matsayinsu a ƙasar da ba tasu ba.

Mafarin Tafiya

Tun zamani mai tsawo Hausawa suke zuwa aikin hajji ta ƙasa, amma babban kwararar jama'a zuwa gabas ya faru ne bayan zuwan Turawa. A 1903 Kano ta faɗi cikin Fabrairu, Sakkwato cikin Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, talakawa da malamai suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi cikin Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yanzu ake kira Mai Wurno. Wannan gari shi ya zama masauki ga waɗanda suka biyo baya.

Hanyar kuwa sananniya ce. Daga Kano sai Maiduguri, sai Farlomi wadda yanzu ake kira Injamena, sai Abashe, sai Jinaina a bakin iyakar Sudan, sai Fashir, sai Al'ubayyid inda dogo ya iso a 1912. Daga nan a nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya, a jira jirgin Jidda. Mai hali yakan yi tafiyar cikin watanni. Talaka kuwa guzurinsa ƙarfinsa ne, sai ya tsaya a wannan gari ya yi noma, ya tsaya a wancan ya yi dako, tafiyar ta ɗauke shi shekaru. Mutanen Sudan suka riƙa kiran duk wanda ya fito daga yamma Fallata ko Takarir, ko Bahaushe ne ko Bafillace ko Babarbare. Daga nan ne muka sami kalmar "takari" da muke ji yau.

Aiki

Jazira da Larabci tana nufin tsibiri, wato filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Kartum. Turawan Ingila suna bukatar auduga domin masaƙunsu na Lankasha, saboda haka suka tare Shuɗin Nilu a Sinnar, aka gama madatsar a 1925. Aka fara da fadan dubu 300, shi fadan kuwa ya ɗan ɗara eka kaɗan, daga baya da aka ƙara yankin Manakil filin ya kai wajen fadan miliyan 2. Aka yanka ƙasar gona-gona, kowace ana kiranta hawasha, aka danƙa wa manoma 'yan ƙasa bisa sharaɗin su shuka auduga. In an sayar, manomi ya ɗauki kashi 40 cikin ɗari, gwamnati da kamfanin Turawa su raba sauran, har zuwa 1950 lokacin da hukumar gwamnati ta karɓi ragamar aikin daga hannun kamfanin.

To amma auduga ba ta tsince kanta. Mai hawasha da iyalinsa ba za su iya cira da ban ruwa da tsinka su kaɗai ba, ga shi an hana bauta. Nan ne maniyyata suka shigo. Su ne masu yasar ƙananan magudanai, irin waɗanda ake kira Abu Ishirin da Abu Sitta, su ne masu tsinkar auduga, ana biyansu gwargwadon nauyin abin da suka tsinka. Hukuma ta yi maraba da su domin an san su da juriya. Aka zaunar da su a unguwannin 'yan ƙodago a gefen gonaki, waɗanda ake kira kambo. Ruwan magudana shi ne na sha, shi ne na wanka, sai tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka zama abokan zama.

A farkon shekarun 1930 kasuwar auduga ta faɗi a duniya, ga cuta ta kama shuka. 'Yan ƙasa da yawa suka watsar da hawashoyinsu, aka bai wa baƙi suka riƙe su cikin wuya. Da kasuwa ta farfaɗo, sai aka fara ƙorafin cewa baƙi sun mamaye ƙasa, aka ƙuntata hanyar samun hawasha ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Mafi yawan Hausawa sai suka tsaya a ƙodago da noman raba-daidai na dawa da gyaɗa. Waɗansu suka shiga birni suka kama ga-ruwa da dako da ɗinki da tuƙin manyan motoci, waɗansu su a Shuɗin Nilu, malamai kuma suka kama koyarwa da ba da taimako. Tsiren da ake kira agashe, wanda ya zama abin marmari a biranen Sudan, da Hausawa aka san shi.

Kuɗi

Kowane ɗayansu da lissafi ɗaya ya sauka: kaka ɗaya ko biyu, a tara kuɗin jirgin ƙasa da na ruwa da na takardu, a wuce. Amma Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai wani nau'in bashi a karkarar Sudan da ake kira shel, wato ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi ko hatsi da bazara, ka biya da amfanin gona da kaka a kan farashin da shi ya yanka. Wanda ya shiga wannan sarƙa, kakar bana ta bara take biya. Ga ciwo, ga suna, ga baƙon da ya iso daga gida wanda dole a sauke shi. Abin da aka ƙulle a bakin zane domin Makka sai a kwance shi a yi hidima, a ce baɗi in Allah ya yarda.

Akwai kuma kunya. Wanda ya sami sauke farali ya dawo Sudan hannu sake, yakan ga ba zai iya shiga garinsu da sunan Alhaji ba tsaraba ba. Sai ya tsaya ya tara na komawa, nan ma shekaru su shuɗe.

Aure da Iyali

Wannan ita ce damuwar da ta fi cin rai, kuma ta gefe biyu ce. A gida an bar mace ba ita ga aure ba ita ga zawarci. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace ba a san inda yake ba takan kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, a ɗibar mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, in kuwa bai bar mata abin ci ba tana iya neman a raba auren tun kafin haka. Amaryar da na ambata a sama ta wannan hanya ta bi, ɗanta kuwa a hannun kakata da iyayenta ya tashi, bai taɓa sanin fuskar ubansa ba.

A can kuma namiji ba ya zama haka. Ba kasafai 'yan ƙasa kan ba Fallata 'yarsu ba, saboda haka aure ya tsaya tsakanin baƙi ya-su-ya-su. Wannan ne ya raya harshen Hausa a unguwanninsu, ko da yake ya sha Larabci. Amma kowane ɗa da aka haifa ƙarin kuɗin jirgi ne, kowane kabari da aka haƙa kuma ƙarin igiya ce da ta ɗaure mutum a wurin. Wani masani, Bawa Yamba, ya yi bincike a ƙauyukansu ya wallafa littafi a 1995 mai suna Permanent Pilgrims, inda ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda aka haifa a Sudan suna kiran kansu matafiya masu niyyar Makka.

Takardar Zama Ɗan Ƙasa

Ƙidayar da aka yi a 1955 zuwa 1956 ta nuna cewa mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne sun haura rabin miliyan a Sudan. Duk da haka, dokar 1948 da ta 1957 sun ɗora zama ɗan ƙasa a kan cewa mutum ko iyayensa suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Ke nan wanda ya biyo sawun Attahiru bayan 1903, da ɗansa da aka haifa a Jazira, sai sun nema kafin a ba su. A gida kuma hanya ta sauya. A 1948 su Alhaji Mamuda Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a Kano, aka shiga kai mutane a mota, sa'an nan a jirgin sama. Ayarin masu tafiya a ƙasa ya yi ta raguwa, da shi kuma masu kai wasiƙa da labari suka ragu.

Maganar asali ba ta mutu ba. A Yuli da Oktoba na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da neman sarautar gargajiya, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, Madani ta faɗa hannun dakarun sa-kai a Disamba na wannan shekara, soja suka ƙwato ta a Janairun 2025. Ɗalibanmu da ke karatu a can an kwaso su an dawo da su gida. Jikokin 'yan kambo kuwa, wace ƙasa za a mai da su?

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa waɗannan bayin Allah ba su bar gida da niyyar ƙaura ba. Ƙodago ya tsai da su, bashi ya riƙe su, aure ya zaunar da su, doka kuma ta bar su a bakin ƙofa. An ce baƙo raɓa ne, amma ga raɓar da ta shekara fiye da ɗari ba ta bushe ba.

Ni a ganina akwai aiki biyu a gabanmu. Na farko na ɗalibai ne: a gidajen Kura da Bunkure da Kumbotso akwai tsofaffi masu irin labarin kakata, akwai wasiƙun ajami a cikin adudu da gafaka, ya kamata mu tattara su tun gara ba ta riga mu ba. Na biyu na kowa ne. Yau mu ne masu gona a bakin magudana, waɗansu ne 'yan ƙodago. Wanda zai yi cinikin tsinkar tumatir da ɗan ci-rani, ko zai ba shi bashi, ko ya zo neman wurin kwana, to ya tuna cewa wani nasa ya taɓa tsayawa haka a ƙofar wani a Jazira. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, ya ba su ladan niyyarsu, amin.