Yadda Ƙungiyar Nightwish Ta Nemi Mawaƙiya Har Sau Biyu

An kafa ƙungiyar kiɗa ta Nightwish a 1996 a Kitee, wani ƙaramin gari a gabashin ƙasar Finland. Tuomas Holopainen ne mai tsara waƙoƙi, Emppu Vuorinen na kaɗa jita, Tarja Turunen kuma tana rerawa. Da fari kiɗa mai sanyi suka yi niyya, amma Tarja ta koyi waƙa irin ta opera, muryarta ta fi ƙarfin wannan kiɗa. Sai suka ƙara ganguna da jitar lantarki. Ke nan a kan muryar mace guda aka gina salon ƙungiyar tun daga tushe, kuma nan ne wahalar da ta biyo baya ta samo asali.

Ranar 21 ga Oktoba 2005 suka kammala rangadin kundinsu mai suna Once da babban wasa a birnin Helsinki. Bayan an tashi, sauran 'yan ƙungiyar suka miƙa wa Tarja wasiƙar sallama, suka kuma buga ta kowa ya karanta. A ciki sun zarge ta da canza hali da fifita kuɗi, sun kuma ɗora wa mijinta Marcelo Cabuli laifi. Ko da a ce suna da hujja, wannan ba hanyar rabuwa da abokiyar aikin shekara 9 ba ce.

A 2006 suka buɗe ƙofa: duk macen da ta ga za ta iya, ta aiko da muryarta. Faifai kusan 2,000 suka iso daga ƙasashe daban-daban. Masu murya ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi wuya shi ne samun wadda za ta ɗauki tsofaffin waƙoƙin da aka yanka daidai da muryar wata, ta jure watanni a kan hanya nesa da gida, ta zauna lafiya da mazan da suka daɗe tare, sannan ta tsaya gaban dubban masoya da suka riga suka yanke hukunci kafin ta buɗe baki. Tuomas ya zaɓi kada ya ɗauko mai kwaikwayon Tarja.

A watan Mayu 2007 aka bayyana sunan Anette Olzon, 'yar ƙasar Suwidin, wadda ta taɓa rera wa ƙungiyar Alyson Avenue. Muryarta mai laushi ce, ba ta opera ba. Kundin Dark Passion Play da ya fito a shekarar ya yi kasuwa sosai, Imaginaerum ya biyo baya a 2011. Duk da haka wasu masoyan ba su daina auna ta da wadda ta gabace ta ba, musamman idan ta rera tsofaffin waƙoƙi. A ganina an zalunce ta a nan, domin ba don ta zama Tarja aka ɗauke ta ba.

A ƙarshen Satumba 2012, suna rangadin Amurka, rashin lafiya ya kai Anette asibiti a Denver. Ba a soke wasan ba: Elize Ryd da Alissa White-Gluz, masu rera wa ƙungiyar Kamelot da ke rakiyarsu, suka maye gurbinta a daren. Anette ta nuna ɓacin ranta a fili. Ranar 1 ga Oktoba aka sanar da rabuwa. Daga baya ta ce juna biyun da take ɗauke da shi ne sanadin korarta, ƙungiyar kuma ta musanta.

Wannan karon babu sanarwa, babu tarin faifai. Sun kira Floor Jansen daga Holan, wadda suka sani tun 2002 lokacin da ƙungiyarta After Forever ta yi rangadi tare da su. Ta hau jirgi tana haddar baitoci, ta rera a Seattle a ranar da aka yi sanarwar. Tana iya hawa sama irin na opera, tana kuma iya saukowa da murya mai kauri, don haka waƙoƙin magabatanta biyu duka suka zauna a bakinta. Sai da suka yi shekara guda suna yawo tare kafin su tabbatar da ita a Oktoba 2013, kundinta na farko da su, Endless Forms Most Beautiful, ya fito a 2015.