Fitila Ce Ta Fara, Fenti Ya Biyo Baya

Kafin a kunna wa titunan birni fitila, ba safai mai zane kan zana itacen cikin gari da dare ba. Ganye ba ya da launi a cikin duhu, sai wani haske ya faɗo masa. Shi ya sa tarihin wannan fanni yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin fitilar kan titi.

A 1807 aka fara haska titin Pall Mall na Landan da fitilar gas. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro kwanson ƙarfe mai laushi da ake ɗura fenti mai mai a ciki a riƙa matsowa, sai mai zane ya samu damar fita da kayansa waje. Daga nan aka samu irin su John Atkinson Grimshaw na Leeds, wanda ya rasu a 1893, da ya yi suna da zanen titunan unguwa cikin dare, itatuwa sun kakkaɓe ganye, ƙasa a jiƙe, wata na leƙowa ta tsakanin rassa. A Satumban 1888 Vincent van Gogh ya zana wani wurin shan gahawa a garin Arles na Faransa, fitilar gas ta rina rumfar da rawaya, ga reshen itace ya sako kai daga gefe.

Ba kowa ne ya yi na'am ba. James Whistler ya zana tartsatsin wasan wuta a lambun Cremorne na Landan, itatuwan sun zama baƙin dunƙule kawai, ya sa wa zanen kuɗi gini 200. John Ruskin, babban mai sharhin zane na lokacin, ya zarge shi a 1877 da watsa wa jama'a fenti a fuska. Whistler ya kai ƙara, a 1878 kotu ta ba shi gaskiya, amma diyyar da ta yanka masa farthing ɗaya ce, kamar a ce anini. Shekara na zagayowa ya tsiyace. Abin da aka yi shari'a a kai, a ganina, shi ne ko abin da ido bai gani sosai ba ya cancanci a zana shi.

A ƙasar Hausa, zane ya daɗe a bangon soro, da ƙwarya, da sirdi, da wuyan riga, amma dagi ne da sarƙaƙƙun layuka, ba hoton wani itace da ke tsaye a wata ƙofar gida ba. Fenti mai mai a kan ƙyalle ta makaranta ya shigo. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su kwaikwayi Turawa ido rufe ba. Sai dai hankalinsu ya fi karkata ga mutane, da tatsuniya, da zanen gargajiyar garuruwansu na Kudu. Itacen bakin titi bai samu babban rabo ba.

To, shi kansa itacen baƙo ne. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, daga Indiya ya fito, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Borno. Yau shi ne inuwar kusan kowane gari daga Kano zuwa Maraɗi, har yara na ɗauka da shi aka halicci ƙasar. Gawo kuwa, ɗan gida, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, ya fi yawa a gonaki, inda manoman jihar Maraɗi suka shiga rainon tohon kututture tun wajajen 1983.

Duk wanda ya kwana a Ɗan Issa, a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ya san irin hasken da dare ke da shi a garin iyaka. Fitilar mai shayi tana dukan ganyen dogon yaro daga ƙasa, sai ya koma fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Babbar mota ta karyo kwana, itacen ya fito sarai, ya sake ɓacewa. Kuma hasken nan ba tabbatacce ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar, har zuwa Maris na 2024. Watanni aka yi manyan motoci ba sa tsallakawa kamar da.

Wayar hannu tana ɗaukar hoton dare, amma ko ta ƙone wurin fitilar ya zama fari fat, ko ta haɗiye itacen cikin baƙi. Fenti mai mai yana jinkirin bushewa, ana iya ɗora launi bisa launi har baƙin ya kasu kashi-kashi, na ganye daban, na sama daban, na inuwa daban. Masu rubuta allon shago da masu ƙawata bayan motoci suna riƙe da buroshi kullum, sun kuma san haɗin launi. Mai shago dai sunan shagonsa yake biya a rubuta masa, ba dogon yaron da ke ƙofarsa ba, wanda ranar da aka zo faɗaɗa titi shi ake fara sarewa.