James Richardson a Damagaram da Gure, 1851: Shaidar Mai Yaƙi da Cinikin Bayi

Tsakure

Maƙalar ta duba makonnin ƙarshe na rayuwar James Richardson, ɗan Ingila mai yaƙi da cinikin bayi, wanda ya ratsa Damagaram da Muniyo a farkon 1851. Hujjarta ita ce, abin da ya rubuta game da yadda ake mayar da ɗa bawa ya fi ƴan mutanen da ya tsirar nauyi a tarihin yankin.

Daga Tarabulus zuwa Damargu

An haifi Richardson a 1809. Tafiyarsa ta farko cikin Sahara, zuwa Gadamas da Gat a 1845 da 1846, ya yi ta ne don ya ƙidaya ayarin bayi da idonsa, kuma baransa Sa'idu bawa ne da ya gudo daga tsibirin Jarba ya fake a wurinsa. A watan Maris na 1850 ya sake tasowa daga Tarabulus tare da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Cikin ayarin har da ƴantattun bayi masu neman komawa garuruwansu. A Damargu suka rabu cikin Janairun 1851, kowa ya kama hanyarsa, da alkawarin haɗuwa a Kukawa, babban birnin Borno. Shi Richardson ya nufi Damagaram.

Abin da ya gani

Makonnin da ya yi a Damagaram sun zo daidai da wani hari na sarkinta, Ibrahim. Richardson ya ga dawowar mahara: yara tsirara a gaba, mata da goyo, tsofaffi suna jan ƙafa, maza a ɗaure. Abin da ya fi girgiza shi, kuma ya kamata ya girgiza mu, shi ne asalin kamammun. Mutanen ƙauyukan da ke ƙarƙashin Borno ne, ƙasar da shi kansa sarkin yake yi wa mubaya'a, da yawansu kuma masu salla. Dalilin harin bashi ne: fatake sun ba fada kaya, ranar biya ta zo, sai aka biya su da talakawa.

Wannan bayani yana rushe zancen da har gobe ake yi, wai bawa kamun jihadi ne kawai. Malamai irin su Ahmad Baba na Tambutu sun haramta bautar da Musulmi tun ƙarni na 17, amma fatawa ba ta hana mai bashi kai hari ba.

Dole mai nazari ya yi hattara da rubutun nasa. Baƙo ne mai dogaro da tafinta, yana da raini irin na Turawan zamaninsa, kuma a inuwar masu mulkin da yake suka yake kwana. Sai dai ɗan ƙasa ya gaskata shi: Dorugu, yaron Dambanas kusa da Kance, ya ba da labarin yadda aka kama shi aka sayar, kafin Overweg ya fanshe shi.

Gure

A watan Fabrairu ya sauka Gure, babban birnin Muniyo, ya gana da sarkinta, Muniyoma Koso, jikinsa kuwa ya riga ya fara gazawa. Daga nan ya nufi Kukawa, ya rasu a Ngurutuwa ranar 4 ga Maris 1851, saura tafiyar kwana shida. An buga littafin tafiyar a Landan a 1853. Barth ya iso Gure a Disamban 1852, ya tarar shi ma Muniyoma bashi ya yi masa katutu.