Littafin Hafsa da Shirun Kurtu

A gidan da na tashi, a unguwar Nassarawa GRA ta birnin Kano, akwai wani tsoho mai gadi da muke kira Baba Soja. Ɗakinsa yana bakin ƙofa, dukiyarsa kuwa ba ta wuce tabarma da buta da wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo ba. Duk ran da hadari ya haɗo, mu yara muna murna, shi sai ya shige ɗaki ya yi jugum. Wata rana na ce masa, “Baba, tsoron ruwa kake yi?” Ya dube ni ya ce, “Yaro, ai ba ka ga ruwa ba. Ruwa yana Bama.” Na yi dariya na ruga wasa. Har Allah ya karɓi ransa ban sake tambayarsa komai ba, ko sunan bataliyarsa.

Sai da na girma na gane abin da yake nufi, kuma daga alƙalamin Bature na gane. Littafin shi ne Chindit Column, wanda Charles Carfrae ya wallafa a 1985. Carfrae hafsan sojan ƙasa ne na Ingila, wanda ya jagoranci wani rukuni na Bataliya ta 7 ta Rundunar Nijeriya a dazukan Bama, wato Myanmar ta yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ga yadda abin ya kasance. Bayan Japan ta ƙwace Bama daga hannun Ingila a 1942, Janar Orde Wingate ya kafa wata runduna da ake kira Chindit. Dabararsa ita ce a kutsa da sojoji can bayan abokan gaba, su datse hanyar jirgin ƙasa da ta mota, abinci da harsashi kuwa a riƙa jefo musu daga jirgin sama. A karo na biyu, cikin 1944, an haɗa da Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi bataliyoyi uku na Nijeriya: ta 6 da ta 7 da ta 12. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris, 1944. 'Yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka tsare sansanin White City, kusa da garin Mawlu, wanda ya sami sunansa daga fararen laimomin saukar da kaya da suka maƙale a bishiyoyi. Da damina ta gabato aka bar sansanin, aka nausa arewa a ƙasa, cikin taɓo da duwatsu, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, ga yunwa idan gajimare ya hana jirage zuwa. Sai a watan Agusta aka fitar da su. Wannan shi ne ruwan da Baba Soja yake faɗa.

Ba zan raina irin wannan littafi ba. Hafsan da ke gaban sojan ƙasa yana ɗauke da nauyin da babu mai raba shi da shi. Shi ne zai zaɓi inda za a yi kwanton ɓauna, shi zai nuna wanda zai shige gaba, kuma shi zai yanke shawara a kan majinyacin da ya kasa tafiya. Da Carfrae da irinsa ba su rubuta ba, da labarin waɗannan bataliyoyi ya zama 'yan layuka a kundin ma'aikatar yaƙi. Amma ido ɗaya ba ya ganin kasuwa duka. Hafsa yana riƙe da taswira da na'urar waya, ya san dalilin tafiya da inda aka dosa. Kurtu kuwa yana ɗauke da kaya da bindiga, abin da ya sani shi ne nauyi da ƙishirwa da gawar ɗan garinsu da aka binne ba likkafani. Yaƙi ɗaya suka yi, amma kowa da abin da ya gani, kuma shaidar mutum ɗaya ce ta iso gare mu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun harshe. Shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki a rundunar Afirka ta Yamma ta Nijeriya, har ana bukatar hafsoshin Turawa su koye ta. Da ita Bahaushe da Babarbare da Bazabarme suke fahimtar juna. Ke nan a cikin dajin nan an yi barkwanci da Hausa, an yi kuka da Hausa, an bar wasiyya da Hausa. Amma da aka zo rubuta tarihin, da Ingilishi aka rubuta, a Landan aka buga. Cikin 'yan Nijeriya ƙalilan da suka rubuta nasu akwai Isaac Fadoyebo, Bayarabe ma'aikacin jinya, wanda aka harbe shi a kwarin Kaladan a 1944, wani Musulmi ɗan ƙauye mai suna Shuyiman ya ɓoye shi har ya tsira. Labarinsa ya nuna irin dukiyar da muka yi asara, domin kowane kurtu yana da nasa.

Tsarin unguwarmu kansa ya koya mini wannan darasi. Sojojin da Kanar Morland ya ci Kano da su a watan Fabrairu 1903 baƙar fata ne, da yawansu masu jin Hausa, hafsoshinsu Turawa. Daga baya masu mulkin suka zauna a Nassarawa, suka gina gidaje masu faɗin fili: babban gida a tsakiya, ɗakunan barori a baya. Littafin hafsa ma haka yake. Marubucin yana babban gida, sojojinsa suna ɗakunan baya, ana kiransu idan bukata ta taso. Turawa sun tafi a 1960, muka gaji gidajen, muka kuma gaji ɗabi'ar. Ni ɗan babban gida ne, Baba Soja yana bakin ƙofa, ban taɓa ganin ya cancanci a zauna a saurare shi ba.

Saboda haka ba na ɗora wa Carfrae laifi. Ya faɗi abin da ya gani, ya sauke nauyinsa. Mu ne muka bar namu. Muna da Barikin Chindit a Zariya, da Dalet a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Legas, duk sunayen da aka samo daga yaƙin Bama, amma matashi nawa ne zai iya faɗin asalinsu? Mazan jiyan nan kusan duk sun kwanta dama, sai dai 'ya'yansu da jikokinsu suna nan, kuma a wasu gidaje akwai lambobin yabo da takardun sallama da wasiƙun ajami da ba a buɗe ba. Aikin ɗaliban tarihi da adabi ne su bi su gida-gida tun kafin gara ta riga su.

Ranar da Baba Soja ya rasu, wani ƙanensa ya zo daga ƙauye ya ɗauki akwatin ƙarfen nan a ka ya tafi. Bana na samo sunan ƙauyen a wurin mahaifiyata, kuma da zarar ruwa ya ɗauke, in Allah ya yarda, can zan nufa.